Tambayoyi da Amsoshi Kan Ɗinka Kundin Zane da Hannu

Waɗannan tambayoyin ne dai kullum suke dawowa daga masu son fara ɗinka kundin zane da kansu, wasu ɗalibai ne, wasu matan gida, wasu kuma teloli da masu lalle da suke son wajen tara zanensu. Na jera su daga masu sauƙi zuwa masu ɗan zurfi, in ka riga ka san na farkon sai ka tsallake.

Wai shi kundin zane meye bambancinsa da littafin rubutu na makaranta?

Littafi ne da kake zane a ciki, ka shafa fenti, ka manna abubuwa, ka yi rubutu, duk a waje ɗaya ba wanda ya tsara maka. Yau ka zana tukunyar shayi, gobe ka manna ƙyallen atamfar ankon bikin ƙanwarka ka rubuta kwanan wata a ƙasa. Littafin makaranta ba zai ɗauki wannan ba, takardarsa shara-shara ce, ga layi, ga waya biyu da aka ɗanke shi da su waɗanda damina ɗaya sun yi tsatsa sun ci takardar.

Abu biyu nake dubawa a kundi kafin komai: shin yana buɗewa ya kwanta shimfiɗe ba sai ka danne da hannu ba, sannan takardarsa ta dace da abin da za a yi a kanta. Kyan bango daga baya yake zuwa.

Ana sayar da littafin zane a kanti, me zai sa in wahalar da kaina?

In ka samu mai kyau kuma aljihu ya ɗauka ai ba laifi. Amma yawancin na kanti ko dai na waya ne mai murɗe wanda take lanƙwashewa a jaka, ko na gam zalla da shafukan ke ɓallewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka ɗinka kai ka zaɓi girmansa, kai ka cakuɗa takardun da kake so, fara da ruwan ƙasa da mai kauri duk a littafi ɗaya. Sannan akwai wani abu da na lura da shi sosai, mutum in ya sayi littafi mai tsada sai ya ji tsoron ɓata shi ya ajiye, wanda ya haɗa da ragowar takardu kuwa ranar zai fara zane a ciki.

Wane kaya nake buƙata, kuma dole sai na yi oda daga waje?

Ba dole ba ko kaɗan. Takarda, zare, allura mai ɗan girman kafa, abin huda, rula, fensir, reza ko wuƙar yanka kwali, almakashi, cokali, da abin maƙale shanya guda huɗu. Abin huda za ka samu wajen shumeka, in babu to basilla ma ta yi, ko ƙusa siririya da ka goga bakinta a siminti. Cokalin kuma da bayansa za ka riƙa murza ninki ya kwanta, masu sana'ar ɗaure littafi wani ƙashi suke amfani da shi amma bayan cokali mai santsi yana yi tsaf.

Rula dai a nemi ta ƙarfe, dan reza tana cin ta roba, kuma in ta zame yatsa take samu. A shimfiɗa tsohon kwali a ƙasa kafin a yanka. Gam ba ka buƙatarsa a littafin farko, sai in za ka yi bango mai tauri, wannan kuma akwai tambayarsa a ƙasa.

Wace takarda zan saya?

Ya danganta da abin da za ka yi. Ana auna kaurin takarda da giram a kowace murabba'in mita, za ka ga lambar a jikin kwalin ko ledar. Takardar fotokwafi da muka sani giram 70 ce ko 80, ta isa fensir da biro da ɗan manne-manne, amma da ka sa mata ruwa za ta yamutse. Takardar zane daga 120 zuwa 200 ita ce tsaka-tsaki, tana ɗaukar alƙalamin maka da tawada da fenti mara ruwa sosai, kuma ita nake ba mai farawa shawara. In fentin ruwa za ka yi da gaske to 300 ce tasa, tana da tsada kuma ninka ta sai da dabara.

Kar a raina takardun da ke gida. Ambulan ruwan ƙasa, bayan tsohuwar kalanda, kwalin nan mai launi da 'yan makaranta ke saya, takardar siminti ta ciki in aka kakkaɓe aka goge ta da kyau, duk suna shiga. Jarida ce kawai ban yarda a yi shafi da ita ba, akwai sinadarin itace a jikinta da yake sa ta yi ja ta riƙa karyewa bayan 'yan shekaru, sai dai a yanko a manna.

Na ji ana cewa takarda tana da jijiya, gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma rashin sanin wannan shi ya fi ɓata wa masu farawa aiki. Takardar inji lokacin da ake yinta zaruruwan cikinta gefe ɗaya suke kwanciya, kamar dai rake da yake tsagewa a tsaye cikin sauƙi amma a kwance sai an sara. In ka ninka ta bin jijiyar, ninkin zai fita sumul, shafi ya riƙa juyawa da laushi. In ka ninka a gicciye sai ka ga karin ya yi kaushi yana fashewa, littafin ya ƙi rufuwa, in gam ya taɓa kuma shafukan su yi ta tattarewa kusa da ɗinki. Ƙa'idar ita ce jijiya ta bi tsawon gadon bayan littafi, wato gefen da ninki da ɗinki suke, daga sama zuwa ƙasa, takarda da kwalin bango duka.

Yadda za ka gane: ɗauki falle ɗaya ka lanƙwasa a hankali ba tare da ka karya ba, sannan ka juya ka lanƙwasa ta ɗaya gefen. Gefen da ya fi saurin yarda shi ne bin jijiya. Ko ka yaga, bin jijiya yagewar miƙewa take yi, a gicciye kuwa sai ta karkace.

Takardar A4 ta fotokwafi yawanci jijiyarta ta bi tsawonta ne, wato in ka ninka biyu ka yi littafin A5 ka ninka a gicciye kenan. A siririyar takarda abin ba ya tsanani, za ka iya haƙuri da shi. Amma in kana son daidai, raba A4 ɗin biyu da reza sannan ka ninka kowane rabi, za ka samu ƙaramin littafi A6, santimita 10.5 da 14.8, mai shiga aljihu, jijiyarsa kuma daidai. Mai son babba sai ya sayi manyan falle ya gwada kafin ya yanka.

Falle nawa ake ninkawa tare?

Takardun da aka ninka aka cusa a cikin juna su nake kira dami. Falle 4 in ka ninka sun ba ka shafi 16. Ta fotokwafi za ka iya sa 5 zuwa 8 a dami, takardar zane 3 ko 4, mai giram 300 kuwa 2 sun isa. In suka yi yawa damin ba zai rufu ba, kuma na tsakiya za su riƙa leƙowa ta baki. Kowane falle a ninka shi daban a murza da cokali kafin a haɗa, kar a tara su a ninka gaba ɗaya. Mai kaurin kuma ka fara jan layi a kanta da bakin cokali a gefen rula, sannan ka ninka.

Wane ɗinki ne mafi sauƙi da zan fara da shi?

Ɗinkin huji uku, dami ɗaya da bango mai laushi. Ka yanka kwali mai ɗan kauri wanda ya ɗan fi takardun girma kaɗan, ka ninka, ka sa damin a ciki, ka buɗe tsakiya ka maƙale da abin shanya ta kusurwa huɗu kar su motsa. Ka huda uku a kan karin, ɗaya a tsakiya, ɗaya kamar santimita 2 daga sama, ɗaya haka daga ƙasa. Daga ciki ake hudawa, littafin a ɗan buɗe rabi, dan tsinin ya fita a kan karin daidai. Zare kuma ka auna tsawon littafin sau uku.

To ga tafiyar allura. Fara daga ciki, fita ta hujin tsakiya, ka bar jelar zare kamar tsawon yatsa a ciki. Shigo ta hujin sama. Yanzu kana ciki, ka tsallake na tsakiya ka gangara ka fita ta na ƙasa. Sai ka dawo ciki ta na tsakiya. Ka duba, akwai dogon zare da ya miƙe daga sama zuwa ƙasa, ka tabbatar jela ɗaya tana damarsa ɗaya tana hagunsa, ka ja su ka ƙulle sau biyu a kansa, ka yanke ka bar ɗan santimita ɗaya. Shikenan an yi littafi.

In littafin ya kai A5 ko ya wuce gara huji biyar. Ka lissafa su 1 zuwa 5: fita ta 3, shigo ta 4, fita ta 5, shigo ta 4, tsallake 3 ka fita ta 2, shigo ta 1, fita ta 2, shigo ta 3, ƙulli. Da ka yi sau ɗaya kana kallon lambobin hannunka zai riƙe.

Wane zare ne ba ya tsinkewa?

Zaren keken ɗinki ya yi siriri, kuma sirantar tasa yanka takarda take yi, in shi kaɗai ke gare ka to ka ruɓanya huɗu. Zaren ɗinkin hula yana da kyau ga launuka, zaren shumeka kuma ya fi kowanne ƙarfi sai dai na roba ne, ƙullinsa yana zamewa, ka ƙulla sau uku ko ka ɗan taɓa bakin da ashana. Masu sana'ar ɗaure littafi zaren lilin suke so dan ba ya miƙewa. Ko wanne ka samu ka ja shi a kan kakin zuma sau biyu uku, in babu kaki kyandir ya yi, zai hana shi harɗewa kuma ƙulli ya kama.

Ina jan zare sai takardar ta yage, meye matsalar?

Yawanci ɓangaren da kake ja ne. Zare ana jansa ne bin tsawon karin, sama ko ƙasa, in ka ja shi ta wajenka ya zama wuƙa. Na biyu hujin ya yi kusa da baki, ka bar aƙalla santimita ɗaya da rabi. Na uku wajen komawa hujin da ka riga ka bi kar allura ta tsaga zaren da ke ciki, in ta tsaga ba zai ƙara jawuwa ba, ɗinkin zai zauna sako-sako kuma littafin ya riƙa lilo. In takardar ta riga ta yage ka manna siririyar takarda a kan karin, ta bushe, ka sake hudawa.

Ina son littafi mai kauri, yaya ake haɗa dami da yawa?

Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗinka kowane dami kai tsaye a jikin bango. Ka samu fata ko yadi mai kauri, ka auna faɗin gaba, da kaurin damin gaba ɗaya in an tara su, da faɗin baya, ka ƙara ɗan harshe da zai naɗo ya rufe baki in kana so. A gadon bayan sai ka ja layi a tsaye ɗaya ga kowane dami, tsakaninsu kamar rabin santimita, ka huda kowane layi ka yi masa ɗinkin huji uku ko biyar ɗin nan na sama. Dami 3 zuwa 5 suna zama lafiya a haka, ba gam ko ɗigo, zaren kuma yana fitowa a baya layi-layi ya zama ado.

Dan hujin ya zo daidai a duk damin, ka yanki siririyar takarda daidai tsawon littafin ka yi alamar huji a jiki ka rubuta "sama" a kanta, da ita za ka huda kowanne. Kar ka auna kowane dami da rula daban, sai sun saɓa.

Meye ɗinkin Kibɗawa da ake ta yabo, mai farawa zai iya?

Shi ne wanda gadon bayansa a buɗe yake, kana ganin zaren ya sauko sarƙa-sarƙa a gicciye. Kibɗawa, wato Kiristocin farko na Masar, su ne suka yi fice da shi tun wajen ƙarni na 2, kuma a Habasha an ci gaba da ɗaure littattafan coci da irinsa da bangon katako har yau. Abin da ya sa masu zane suke sonsa, yana buɗewa ya kwanta gaba ɗaya a ko wane shafi, za ka iya zane ɗaya ya ratsa shafi biyu.

Yadda yake tafiya, bango biyu ne daban na kwali mai tauri, kowanne da hujinsa kamar santimita ɗaya da rabi daga gefe. Damin farko kana fita ta huji ka zagayo bangon ka koma. Daga dami na biyu kuma duk hujin da ka fita sai ka saƙala allura a ƙarƙashin ɗinkin da ke ƙasa ka zagayo ka koma hujin da ka fito, haka har ƙarshe, bango na biyu ya hau tare da damin ƙarshe. Lanƙwasasshiyar allura tana sauƙaƙa saƙalawar sosai. Gaskiya ba na ba da shawarar a fara da shi, ka yi na huji uku guda biyu ko uku tukun hannunka ya san yadda ake jan zare, dan shi duk kyansa a daidaiton ja yake, in wani waje ya ɗaure wani ya saki littafin murɗewa yake. Kuma sarƙar ba ta fitowa sosai sai dami ya kai 6.

Takarduna falle-falle ne ba a ninke ba, akwai yadda za a yi?

Akwai ɗinkin Japan, wanda ake tara falle a yi huji huɗu a gefe ɗaya a zagaye da zare. Yana da kyau ga tara zanen da aka riga aka gama, amma ba ya buɗewa ya kwanta kuma yana cinye santimita 2 na gefe, saboda haka ban so shi ga littafin da za a yi fenti a ciki ba. Wata hanyar ita ce ta malamanmu, duba tambayar fata.

Yaya ake bango mai tauri da atamfa?

Kwalin da ake so shi ne mai toka-toka mai kaurin milimita 2, irin na bayan kalanda ko bayan tsohon littafin zane, masu buga littattafai ma suna sayarwa. Kwalin katan mai rami-rami a ciki ba ya yi, yana lotsewa. Ka yanka shi ya fi takardun da milimita 3 ta sama da ƙasa da baki. Ƙyalle kuwa je wajen telanka, ƙarƙashin keke cike yake da ragowar atamfa da shadda da yadi, galibi kyauta za a ba ka. A wanke sitacin a goge tukun.

Matsalar ƙyalle gam yana ratsa shi ya fito ta gaba ya yi tabo. Maganinta farar takardar gam ɗin nan da teloli ke mannawa a wuyan riga da dutsen guga, ka manna ta a bayan ƙyallen, shikenan ya zama yadin bango. Gam a jikin kwalin ake shafawa siriri, ba a ƙyallen ba. Ka bar santimita 2 ta kowane gefe na naɗewa. Kusurwa ce wajen da ake gane hannu: ka yanke ta a karkace amma kar ka kai bakin kwalin, ka bar ɗan fili kamar kaurin kwalin da rabi, ka naɗe gefen sama, sai ka sa farcen babban yatsa ka tura ɗan kunnen da ya fito a kusurwar ciki ya kwanta, sannan ka naɗo gefen. In ka yanke dab da kwali tsininsa zai leƙo tsirara.

Wane gam ya dace?

Farin gam na kafintoci irin su Top Bond shi ne na kusa da mu kuma yana yi, in ya bushe yana lanƙwasuwa ba ya karyewa. In ya yi kauri ka ɗan sirka da ruwa. Na shumeka mai warin nan ka bar shi ga fata kawai, yana cin takarda ya yi ja. Salatif kuma kar ya kusanci kundinka, shekara kaɗan zai bar tabon mai ya ɓalle.

Za ka iya dama naka, fulawa cokali 1 ruwa cokali 5, a wuta kaɗan kana juyawa har ya yi sheƙi, ko sitacin rogo. Ya fi daɗin aiki wajen manna takarda dan yana ba ka lokacin gyarawa, musamman da hunturu da farin gam yake bushewa kafin ka gama shafawa. Aibinsa kwana biyu uku ya lalace, kuma kyankyaso yana sonsa. Ƙaro ana tambaya sosai tunda muna da shi, yana manna ƙananan abubuwa kuma shi ne ma abin da ke riƙe launi a fentin ruwa da tawadarmu, amma in ya bushe ƙamas yake yi ya fashe, bai dace da wajen da ake lanƙwasawa ba.

Bangona ya bushe ya lanƙwashe, me na yi ba daidai ba?

Duk abin da ka manna da danshi yana buɗewa, in ya bushe ya tsuke ya ja kwalin ta ɓangarensa. Ka manna waje ka bar ciki kenan. Ka manna takarda a cikin bangon ita ma ta ja nata, jijiyarta ta bi ta kwalin kamar yadda na faɗa a tambayar jijiya. Sannan a danne, leda a tsakanin bango da shafin farko dan danshi kar ya shiga, katako a sama, bulo ko manyan littattafai a kai, ya kwana. Kar a shanya a rana dan sauri.

Zan iya amfani da fatar gida? A ina ake samu?

Sosai ma, kuma a nan mun fi kowa sa'a. Fatar jan akuyar Sakkwato da Maraɗi da ake jima da bagaruwa tana cikin fatun da masu ɗaure littafi a Turai suka fi daraja, ita ce aka daɗe ana ratsa Sahara da ita har suka riƙa kiranta fatar Maroko. A Kano in ka shiga Kasuwar Kurmi wajen dukawa za ka samu, kuma ba sai ka sayi guda ba, yankakkun da suka rage daga jaka da fulo sun isa ƙaramin kundi. Ka zaɓi mai laushi, ka shinshina, wadda ba ta jimu da kyau ba warinta ba ya fita. Mai jan rini ka goga mata farin ƙyalle mai ɗan danshi ka gani ko tana zuba, in tana zuba ka sa takarda mai kauri tsakaninta da shafin farko. Ka roƙi baduku ya fefe maka gefen, za ka ga ya kwantar da wuƙar kusan a shimfiɗe yana ɗebe siririn ɓawo ta bayan fatar har bakin ya yi laushin ninkawa, aikin minti kaɗan ne a wajensa.

Sannan akwai tsarin da muka gada wanda ba ɗinki sam. Alƙur'anai da littattafan da malamanmu suka rubuta da hannu warƙa-warƙa suke, a sa su tsakanin tadarishi a ɗaure da igiyar fata a saka a gafaka, a ƙasan shafi kuma a rubuta kalmar farko ta shafi na gaba dan kar su rikice. Ga mai fentin ruwa wannan tsarin yana da amfani ƙwarai, ka zaro falle ɗaya ka yi aiki ya bushe ka mayar, wanda bai yi ba ka cire. Lamba kawai za ka riƙa sawa a kusurwa.

Na manna abubuwa da yawa yanzu littafin ya ƙi rufuwa.

Baki ya yi kauri gadon baya bai ƙaru ba. Tun wajen ɗinki ake maganinsa, ka yanka siraran takardu masu faɗin santimita 3, ka ninka su a tsaye ka cusa tsakanin fallayen ka ɗinka tare, su za su buɗa bayan su bar wa manne-mannen wuri. In an riga an ɗinka to ka yanke wasu shafukan da ba a taɓa ba, amma ka bar santimita ɗaya daga ɗinki, in ka yanke har ƙarshe abokin fallen na ɗaya gefen zai zare. Sai a sa igiya ko roba a riƙa ɗaurewa.

Fenti yana ratsawa baya, wasu shafukan kuma suna mannewa da juna.

Ratsawa ta takarda ce, koma tambayar takarda. In siririya ce ke gare ka ka manna shafi biyu su zama ɗaya, ko ka yi mata farar shimfiɗa: farin gam, farin fentin bango na ruwa, ɗan garin alli ko hodar jarirai, ka dama ka shafa siriri ya bushe. Mannewa kuma halin fentin akirilik ne, ko ya bushe yana kama ɗan'uwansa musamman da zafi, ka goga kyandir sama-sama a kan shafin in ya bushe.

Masu rina shafi da kayan kicin, shayi yana ba da ruwan ƙasa mai kyau kuma yana zama. Zoɓo ja yake a kofi amma a takarda yakan juye shuɗi-shuɗi kuma yana koɗewa, kurkum ma haske yana cinye shi. A rina a busar a goge kafin a ɗinka. Tawadar gida mai ƙaro kuma ruwa yana narkar da ita, fenti ake fara yi ya bushe sannan a yi rubutu a kai.

Ban iya zane ba, kuma ina gudun zana abu mai rai. Me zan sa a ciki?

Hukuncin zana mai rai malaminka za ka tambaya. Amma ko ka bar shi gaba ɗaya ba za ka rasa abin cika littafi goma ba. Zanen lalle, aska biyu da aska takwas na babbar riga, dagi, zayyanar allo, adon da magina ke yi a fuskar soro da zankwayensa, zanen ƙwarya, ƙirar hula, ganyen darbejiya da ka danne ya bushe, rubutun ajami da alƙalamin kara. 'Yar'uwa mai lalle da take tara zanenta a kundi tana da abin nuna wa amarya ko waya ba caji.

Abu ɗaya dai a kula wajen yanko jarida ko kalanda, a duba gaba da baya kar a yanka aya ko sunan Allah a shafe da fenti.

Bakin littafin bai daidaita ba, in yanke?

Ba dole ba, da yawa sun fi son shi a haka. In kana so ya yi sumul, rular ƙarfe da sabuwar reza, ka danne sosai ka riƙa ja a hankali falle kaɗan-kaɗan, kar ka nemi yankewa a ja ɗaya. Almakashi ba ya wannan aikin. In littattafan da yawa ne kai wa masu buga katin biki, suna da injin yanka, amma kafin ka sa bango mai tauri.

Yaya zan adana shi kar gara ko danshi su ci?

Kar a ajiye a ƙasa ko a jingine da bangon ɗaki, nan gara take bi. A sa a kanta ko akwati, a jefa ƙullin kanumfari a ciki, musamman in da gam ɗin fulawa aka yi aikin. Da damina kar a ƙulle shi a leda, danshin da ya shiga ba ya fita sai fumfuna, gara a naɗe da ƙyallen auduga a riƙa fito da shi yana shan iska a inuwa. In fumfuna ta riga ta kama, a buɗe shafukan a waje su bushe sarai sannan a share da busasshen buroshi, ruwa kar ya taɓa. Fata kuma hunturu yana busar da ita, ɗan man kaɗanya kaɗan a yatsa a murza ta waje kawai, a bar shi ya sha kwana ɗaya kafin a haɗa da sauran littattafai.